Jar Fitila da Rantsuwar Inna

Shekarun baya, lokacin ban fi shekara uku da aure ba, wani abu ya same ni wanda ban cika son ba da labarinsa ba. Amma tunda kun dame ni da tambayar abin da ya gutsure min gefen kunne a hotunan da nake sakawa, ni kuma na gaji da ce muku jaki ne, yau bari in faɗi gaskiya.

Ga wanda bai san ni ba, ni zabiya ne. Mu biyu mahaifiyata ta haifa haka, ni da yayana. Ƙannenmu mata uku duk baƙaƙe ne. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Kadawa, kuma a wajenmu wanda ya ce ba zai shiga rana ba, to ya ce ba zai ci abinci ba ke nan. Damina shinkafa, rani tumatir. Tun muna yara muke bin bakin kanal da fartanya a kafaɗa, ana kiranmu Turawan gona, ana dariya, mu ma muna taya su. Fata ta yi ja, ta saɓule, ta warke, ta sake yin ja. Mun ɗauka haka Allah ya yi mu, shi ke nan.

Yayana wani ɗan ƙurji ne ya fito masa a bayan wuya. Shekara biyu ana jiƙe-jiƙe da shafe-shafe a gida, ƙurji ya zama gyambo, gyambo ya fara wari. Da aka ga abin ya fi ƙarfin gida aka kai shi Birni, aka ce ciwon daji ne, aka yi masa aiki. Bai cika wata biyar ba bayan nan ya rasu. Tun daga ranar Inna ta riƙe magana ɗaya: daji ba ya son ƙarfe, wuƙar asibiti ce ta tayar da shi. Ranar addu'ar bakwai, bayan mutane sun watse, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Kai kaɗai ka rage min a maza. Duk ranar da ka bari aka sa maka wuƙa a jiki, ban yafe ba."

Na ce, "To, Inna." Me zan ce? A lokacin lafiyata ƙalau, alkawarin bai da nauyi ko kaɗan.

Bayan shekara huɗu, ana tsakiyar kakar tumatir, matata ta tare ni da hula a hannu. Ta ce, "Malam, wannan jinin na mene ne a bakin hularka? Ta uku ke nan ina wankewa."

Na ce ƙaya ce. Ta ce in zauna ta ga ƙayar. Ta cire min hular da ke kaina, ta duba. Na san abin da take gani, don na daɗe ina shafa wurin a ɓoye. Goshina da bayan wuyana sun yi wani kaushi-kaushi kamar ƙanzo, in na ɓanɓare ya dawo. A gefen kunnen hagu kuma akwai wani ɗan ƙullutu mai tauri, kamar ƙwayar wake, shi ne mai jinin. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk asuba in na shafa shi sai na tuna warin ɗakin yayana.

Wanda ya ja ni asibiti abokina ne, maƙwabcin gonata, mutumin Filato da ya fi shekara goma yana noman rani a wajenmu. Matarsa tana aikin goge-goge a wani asibiti a Birni, ita ta ba shi labarin wata likitar fata da take ware rana guda don zabiyoyi. Muna zaune bakin kanal ya dube ni ya ce, "Mutumina, kunnen nan naka bai yi min ba. Jibi za mu Kano. In ka ƙi, zan je in gaya wa Inna da bakina."

Ya san inda zai kama ni. Muka ce wa Inna maganin feshi za mu sayo.

Likitar ba ta da yawan magana. Ta duba ni da wani gilashi mai ƙara girman abu, ta shafa goshin da yatsa, ta tambaya ko a gidanmu an taɓa yin irin wannan. Na ba ta labarin yayana. Ta ajiye gilashin ta ce, "Malam, na goshi da na wuya rana ce ta lalata saman fatar. Ba daji ba ne tukuna, amma hanyarsa ce. Waɗannan za mu iya kashe su da man shafawa da fitila, ba yanka. Na kunnen ne ban yarda da shi ba. Sai na ɗebi kaɗan an auna."

Na ce, "Da me za ki ɗiba?"

Ta nuna min wani ɗan ƙarfe kamar bakin biro. Na ce ba zai yiwu ba, na gaya mata rantsuwar Inna. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi min wa'azi ba. Ta ce, "Ba zan tilasta ka ba. Amma in ban auna ba, zan sallame ka ne ban san abin da na sallama ba."

Na zauna ina gumi a ƙarƙashin fanka. Daga ƙarshe na yi wa kaina fatawa, ni da ko izu biyar ban haɗa ba: Inna wuƙa ta ce, wannan kuwa ba wuƙa ba ce, bakin biro ne. Aka yi min allura, aka ɗiba, aka liƙa filasta. Da na koma gida na ce wa Inna kwando ne ya karce ni wajen lodi.

Maganar zuwanmu asibiti da ta fitila kuwa ban ɓoye mata ba, don an ce in dawo bayan sati biyu, kuma zan yi kwana biyu ban fita ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ikon Allah. Rana ce ta cinye min wancan, yanzu kai kuma da ƙafarka za ka kai kanka a gasa ka da haske?" Ba ta kiran sunan yayana, ɗan fari ne, ko bayan rasuwarsa wancan take cewa.

Na ce, "Inna, ba wuƙa a ciki."

Ta ce, "To da ni za a je. In ga fitilar da idona."

Ban yi tsammanin haka ba. Matar da tun rasuwar yayana ko hanyar Birni ba ta son a ambata. Na so in hana, amma duk dalilin da na kawo sai ya ƙara mata zargi. Kuma ranar ce aka ce sakamakon kunnen zai fito.

Muka isa da sassafe, ni da ita. Wata nas ta goge min goshi da bayan wuya, ta kankare ɓawon a hankali da auduga mai kaushi, Inna tana tsaye a kanta tana duba hannunta ko akwai ƙarfe. Aka shafa wani farin mai, aka rufe da leda, aka ɗora wata takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari, aka naɗe da bandeji. Aka ce in zauna awa uku, kada in fita, kada haske ya taɓa wurin. Na fito kamar an naɗa min sarautar da ba wanda ya zo taya murna.

Awa ukun nan ban san yadda suka wuce ba. Duk nas ɗin da ta gifta da takarda a hannu sai in ce sakamakon ne. Inna tana gefe tana jan carbi.

Da lokaci ya yi aka shigar da mu wani ɗan ɗaki, aka rufe labule, aka kashe ƙwan lantarki. Likita ta kwance bandejin, ta goge man, ta kunna wata 'yar tocila mai haske shuɗi-shuɗi ta haska min goshi. Sai na ji Inna ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Na ce, "Mene ne? Inna, mene ne?"

Likita ta miƙo min madubi. Na kawo shi dab da hanci, don idona ba ya gani daga nesa. Goshina yana ci. Ban san yadda zan faɗa ba sai haka. Tabo-tabo ne ja, ja mai ruwan hoda, suna haske a cikin duhu kamar garwashin da aka hura. Ni wuri uku na sani, su nake shafawa kullum. A madubin na ƙirga har tara, wasu a inda fatar take sumul, ban taɓa jin komai ba.

Inna ta ce, "Yarinya, me kika sa masa? Wuta ce?"

Likita ta ce, "Ba wuta ba ce, Mama, taɓa ki ji." Ta kama hannun Inna ta ɗora a goshina. Ta ci gaba da cewa, "Man da muka shafa, fata ce ta sha shi ta juya shi ya zama wani sinadari. Inda fatar ta lalace ta fi haɗamarsa, shi ya sa ya taru a can. Shi ne kike gani yana haske. A duhu ba ya komai, yana nan kwance. Amma in jar fitila ta sauka a kansa, zai kama hasken, ya zuga iskar da jini yake kawowa wurin, ita kuma ta ƙone ɓatattun ƙwayoyin daga ciki."

Inna ta ce, "In ya gama da su kuma sai ya ci gaba da cin sauran naman?"

"A'a. Kamar ashana yake. Sai an ƙyasta take kamawa, kuma tana ci tana cinye kanta. Yana aiki yana ƙarewa. In mun gama zan sake haska miki, ki gani da idonki ko ya rage."

Aka kwantar da ni a gefe ɗaya yadda fitilar za ta sami goshi tukuna. Aka sa min baƙin tabarau mai matse ido, aka ba Inna nata. Aka jawo fitilar, wata faffaɗa kamar faranti, aka tsayar da ita kamar taƙi ɗaya daga fuskata. Likita ta ce minti tara ne, kuma zai yi zafi, in na kasa in ɗaga hannu.

Na ce a raina, ni da na yi shekara talatin a ranar Kadawa, wace fitila ce za ta ba ni tsoro?

Minti na farko ɗumi kawai na ji. Kafin na biyu ya cika na san na yi ƙarya. Ba irin zafin rana ba ne, wanda yake sauka a kanka daga sama. Wannan daga ciki yake tasowa, kamar an tsiyaya tafasasshen mai a ƙarƙashin fata, kamar rina tara sun haɗu suna harbi a lokaci guda. Kuma a daidai wuraren nan tara, ina jin kowanne daban. Na damƙe ƙarfen gado. Nas tana fesa min ruwan sanyi tana fifita, likita tana cewa, "Sannu, Malam. Farkon ne ya fi zafi, lokacin maganin yana da yawa. Zai sauka." Na ji wani yana kiran Inna da muryar yaro, sai daga baya na gane ni ne.

Sai aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya, jan da nake gani ta cikin tabarau ya mutu. Nas ta ce minti huɗu aka yi, ta fita da gudu neman mai tayar da inji. Na kwanta ina haki, goshi yana bugawa.

Inna ta miƙe. Na ji ƙarar tabarau ɗinta a ƙasa. Ta ce, "Tashi mu tafi. Allah ne ya kashe ta. Tashi na ce."

Likita ta ce, "Mama, ki ba ni minti ɗaya."

"Ba zan ba ki ba. Haka suka ce min a kan wancan, minti ɗaya, minti ɗaya, har na ɗauko shi a mota. Ina ji yaron nan yana kirana, ke ba ki haihu ba ne?"

Ni dai ina kwance, kuma wallahi rabin zuciyata yana bayan Inna. Da ta ƙara cewa tashi sau ɗaya, da na tashi.

Likitar ba ta yi musu ba. Ta kunna 'yar tocilar nan, da yake mai batir ce, ta ce, "Zo ki duba, sannan ki yanke." Sai na ji numfashin Inna a kan fuskata. Ta daɗe.

Ta ce, "Ya dusashe."

Likita ta ce, "Ya dusashe, amma bai mutu ba. Kin ga nan, da nan? Wanda ya ɓace ya riga ya yi aikinsa, hasken ya canza shi, ba zai sake kamawa ba. Wanda yake ci har yanzu, shi ne bai yi ba. In kuka tafi yanzu, an sha zafi rabi, an bar ciwo rabi. Kuma maganin da ya rage yana jikinsa, rana ce za ta ƙyasta shi a hanya, ba tare da awo ba."

Na cire tabarau na karɓi madubi. Garwashin da na gani ɗazu ya koma kamar wanda toka ta fara rufewa. Ƙananan tabon sun kusa ɓacewa, manyan uku suna nan da sauran ja a tsakiya.

Inna ta ce, "Tsayawar nan ba ta ɓata ba?"

Likita ta ce, "Ba ta ɓata ba. Fatar ma ta ɗan huta, jini ya kawo sabuwar iska. Daga inda muka tsaya za mu ɗora."

Can waje inji ya yi tari sau biyu ya kama. Fanka ta fara juyawa. Likita tana kallona, ni ina kallon Inna. Inna ta sunkuya ta ɗauki tabarau ɗinta daga ƙasa, ta goge da bakin mayafi, ta zagayo ta kama ƙafata ta riƙe. Ta ce, "Kunna."

Minti biyar ɗin da suka rage sun yi zafi, amma gaskiyar likita, yana tafiya yana sauka, har ya koma kamar raɗaɗin barkono. Aka juya ni aka yi bayan wuya, na sake shan wani sabo daga farko, wannan karon wuta ba ta yi mana gardama ba. Da aka gama aka kashe ƙwai, aka haska tocila. Babu komai. Fata ce kawai, ta kumbura ta yi duhu-duhu. Inna ta karɓi tocilar da hannunta, ta bi goshin lungu-lungu, ta leƙa bayan wuya, har cikin gashi. Ta ce, "Ya mutu." Karo na farko a ranar da na ji muryarta ta saki.

Har na fara murna, na manta da sauran. Sai likita ta jawo wata takarda daga cikin fayil ta ce, "Malam, saura maganar kunne." Ta ga yadda fuskata ta canza, ta yi sauri ta ce, "Ko Mama za ta ɗan jira mu a waje?"

Inna ta ce, "Ba inda za ni. Ni na haife shi. Wace magana ce ta kunne? Ba kwando ba ne?"

Likita tana jiran izinina. Na sunkuyar da kai na ce, "Faɗi kawai, Likita."

Ta ce abin da aka ɗiba an auna, daji ne. Ƙarami ne, bisa dukkan alamu bai tafi ko'ina ba, amma sai an yanke shi, kuma kada a wuce wata guda.

Inna ba ta dube ni ba. Ta ce, "Aka ɗiba. Da me aka ɗiba?"

Na ce, "Inna, ɗan ƙaramin abu ne, kamar bakin..."

Ta ɗaga min hannu. Ta juya wajen likita ta ce, "Ki sa masa man nan a kunnen. Ki kunna fitilar, ko awa nawa ne, zan riƙe shi."

Likita ta ce, "Da zai yi, Mama, da na fi kowa so. Hasken nan sama-sama yake shiga, bai fi kaurin ɓawon kankana da aka fere siriri ba. Man ma haka. Na kunnen ya yi saiwa ƙasa. In na haska, saman zai mutu, ki ga ja ya ɓace ki yi murna, ƙasan yana nan yana ci. Yaudararki zan yi."

Na ɗauka Inna ta gama. Sai ta yi wata tambaya da muryar da ban san ta da ita ba. "Wancan, wansa. Da an kawo shi tun abin yana kaushi-kaushi, da fitilar nan ta yi masa?"

Likita ta dubi Inna. Ta ce, "Allah ne masani, Mama. Ban gan shi ba. Amma yawanci daga irin wannan yake farawa."

Aka rufe min wuraren, aka naɗe ni da rawani har ido, aka ce kwana biyu kada rana ta gan ni, ko ta taga, domin fatar za ta ɗan ci gaba da haɗa sinadarin daga ragowar man da ta sha. Muka jira la'asar ta yi sanyi muka hau mota. Daga Birni har Kura, har muka sauka muka hau babur, Inna ba ta ce min ko sannu ba.

Kwana biyun nan a ɗaki sun fi fitilar wuya. Fuska ta kumbura, ido ɗaya ya kusa rufewa. Ranar farko ce ranar ruwanmu a kanal, tumatir kuma ya nuna yana neman faɗuwa. Abokina ya haɗa gonata da tasa ya yi ban ruwa, ya zo bakin ƙofa yana ba ni rahoto kamar wanda ya zo gaida mai jego. Matata tana kawo abinci tana fita. Inna kuwa ɗakinta yana kallon nawa, ina jin motsinta, ba ta leƙo ba. Na kwanta ina lissafi: in na je aka yanka, na tafi da fushin uwa. In na zauna, na san hanyar, na ga wanda ya bi ta, na san har warinta. Ko wanne na ɗauka sai in ji ba zan iya ba.

Rana ta biyu da hantsi barci ya ɗauke ni, filastar goshin ta ɗage ban sani ba. Akwai wata 'yar ɓula a kwanon ɗakin, inda ƙusa ta fita. Rana ta juyo, zaren haske ya sauko ta ɓular ya sauka daidai wurin. Na farka da ihu kamar kunama ta harbe ni.

Kafin matata ta taso daga madafa, Inna ta riga ta shigo. Ta ga zaren hasken, ta ga goshina. Ta ja ni gefe, ta cire ɗankwalinta ta dunƙule, ta taka turmin da muke ajiye fitila a kai, mace mai shekara sittin da wani abu, ta cusa shi a ɓular. Ɗakin ya koma duhu. Ta sauko tana haki, ta mayar min da filastar, ta danna gefenta da babban yatsa. Ta ce wa matata ta ba mu wuri.

Ta zauna a bakin gado. Ba na ganin fuskarta sosai, kuma ina jin da gangan ta zaɓi haka.

Ta ce, "Wancan, sau uku yana cewa a kai shi Birni. Tun abin bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ni na hana. Na ce ga mai magani a Bunkure, na ce a bari a gama girbi, na ce a bari a ga wannan jiƙon." Ta ƙara da cewa, "Ba wuƙa ce ta kashe shi ba. Na sani tun ranar da aka sa shi a ƙasa. Amma in ban ce wuƙa ba ce, wa zan ce?"

Na buɗe baki, ba abin da ya fito.

Ta ce, "Na janye abin da na faɗa. Na yafe maka bakin biron naka ma, matarka ta gaya min. Ka je a cire. Amma ba zan bi ka ba wannan karon, ƙafata ba za ta ɗauke ni ba."

Ta tashi ta fita kanta ba ɗankwali, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo.

Bayan kwana tara aka yi aikin, abokina ne ya raka ni. Bai kai awa ɗaya ba. Aka auna abin da aka cire aka ce an fitar da shi duka. Goshin kuwa ya yi ɓawo baƙi ƙirin, yara suna gudu in sun gan ni, sannan ya zube, sabuwar fata ta fito sumul. An sake yi min fitilar sau biyu a shekarun da suka biyo baya, a wasu wuraren, kuma ko yanzu duk wata shida ina zuwa a duba ni. Noma ban daina ba, sai dai na koma na sassafe da na yamma, da malafa mai faɗin faifai da riga mai dogon hannu da man kare rana. Tsakar rana na bar wa masu baƙar fata, su ma ina ba su shawara su rage.

In akwai zabiya a gidanku, ko kai ne, don Allah kaushin da ya ƙi tafiya da ƙurjin da ya ƙi warkewa ba abin jira a gama girbi ba ne. Wannan shi ne abin da zan iya cewa da baki cike.

Sauran kuwa har yau ban gama da shi ba. Inna tana nan da ranta, ta tsufa, kullum da safe ina shiga in gaishe ta. Ba ta ƙara tayar da maganar nan ba, ni ma ban tayar ba. Na sha shirya abin da ya kamata in ce mata a ranar, cewa ba ta sani ba ne, cewa duk abin da ta yi don so ta yi, cewa kwana ne ya ƙare. A kan babur nake shirya shi, a bakin kanal, har in haddace. In na shiga na durƙusa, sai in ji kaina ina cewa, "Inna, ina kwana?" Ta ce, "Lafiya lau. Matso in ga wuyan." In matsa, ta bi shi da yatsa a hankali, daga wannan kunne zuwa wancan, sannan ta ce in tafi kada rana ta yi.